Baba Gwadabe Mai Raɗa

Jama'a, a gyara zama, a rage ƙarar waya, mai tauna gyaɗa ya haɗiye! Ga shi nan tafe: Mai Girma Sarkin Labulen Wambai da Kewaye, Gwamnan Almakashi, Direban Keken da ba ya shan fetur, mutumin da ya rufa wa rabin tagogin Suleja asiri, Baba Gwadabe Tela! Duk sarautun nan ni na naɗa masa su da bakina, kuma har yau bai amsa ko ɗaya ba.

In ka shigo layinmu daga bakin titi, shagonsa ne na uku, wanda yadi ke leƙowa ta ƙofa. Gajere ne, ya ba wa sittin baya da kaɗan, gilashinsa ɗaure da zare a kunne ɗaya, tef ɗin awo rataye a wuya har masallaci. Kwantenar da ke manne da shagon kuwa tawa ce. Ni ne Taufiq, mai tura wa mutane fim a waya, wanda ya rabu da boko lafiya lau a aji biyar na sakandare, ba faɗa ba zagi. Shekara huɗu ke nan muna maƙwabtaka, ni ina surutu, shi yana ɗinki.

Labule kawai yake ɗinkawa. Ka kawo masa shadda ka ce riga kake so, zai nuna maka hanyar wani shagon.

"Riga fitina ce," in ji shi. "Mutum ya je ya ajiye tumbi, ya dawo ya ce kai ka matse masa. Ka taɓa ganin taga ta yi ƙiba?"

Garin nan kuma ya dace da shi. Kullum sai an sauke sabon ma'aikaci daga Kano ko Katsina ko Gusau, aiki a Abuja, kwana a Suleja, kuma abu na farko da ɗan haya ke nema bayan katifa shi ne abin da zai kare shi daga idon maƙwabta. Baba ba ya zuwa awo. Tambaya biyu yake yi: gidan wa ka kama, wane ɗaki? Ka ce gidan Alhaji wane, ɗakin kusa da rijiya, sai ya ce, "Yadi uku da rabi. Tagar ta karkace ta hagu, zan bar mata rara." Ka je ka rataya, cif.

Abin da 'yan hayar ba su sani ba shi ne, tsakanin Baba da labule ba ɗinki ne ya fara haɗa su ba.

Da can, kafin a haife ni, kafin fim ya shigo aljihun kowa, samarin unguwarmu ta Wambai suna da ƙungiyar wasan daɓe. Ranar Asabar su jera bencina a ɗakin taron wata firamare, su hau dandamali su yi wasa gaban mutane ido da ido, ba a yankawa, ba a sakewa. Baba ya yi shekara goma sha ɗaya a cikinsu, amma 'yan kallo ba su san fuskarsa ba. Aikinsa biyu ne, duka a bayan labule: ya ja igiya ya buɗe ya rufe, sannan ya riƙe takardar wasan, duk wanda magana ta ɓace masa a dandamali ya yi masa raɗa. Mai Raɗa suke kiransa. Har yanzu tsofaffin layin in sun zo wucewa sukan ce, "Mai Raɗa, an tashi lafiya?"

Ya ce min aikin yana da ƙa'ida. Ba ka ba wa mutum jimla ɗungurungum; kalma biyu ko uku za ka miƙa masa, kamar bakin zare, shi zai jawo sauran. Ba ka yin gaggawa, don wani shirun na wasa ne, da gangan ake yin sa. In kuma ka makara, mutane sun gane. Kafaɗa ake kallo. In ta sauka, shirun wasa ne. In ta ɗage ta tsaya cak, mutum ya nutse, a tsamo shi.

Sau ɗaya tak aka taɓa tura shi gaba. Wanda zai fito a ɗan aike bai zo ba, aka jefa wa Baba riga, aka ce ai magana ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, baƙi sun iso." Ya fito, ya ɗaga kai, ya yi ido huɗu da mahaifin yarinyar da yake nema, zaune a benci na farko yana jan carbi. Shi ke nan, baƙi suka ƙi isowa. Ya kasa kunne ko za a yi masa raɗa, sai ya tuna ai mai raɗar shi ne, ga shi kuma a tsakiyar dandamali cikin aron riga. Ya juya a hankali, ya koma baya, ya ja labule ya rufe wasan tun ba a kai rabi ba. Tun daga ranar bai sake tsayawa gaban taro ya yi magana ba. Yarinyar dai ya same ta, ita ce Inna Asama'u, mai kawo masa abincin rana a kwano mai murfi.

"Kada ka ga laifin mahaifina," ta ce min. "Wannan mutumin ko zance ya zo, ta bayan zana yake min magana."

Sai ga fim ɗin Mai Jan Labule ya fito bara.

In a Suleja kake, ba sai an gaya maka wane ne Lukuman Lambata ba. Ɗan nan kusa da mu ne, ya tafi Kano ya zama jarumi, mu kuma muka riƙe shi a matsayin namu na kanmu. A wannan fim ya fito a tsoho Ilu, mai jan labulen wata ƙungiyar wasan daɓe da ta mutu a tsaye, har za a mayar da ɗakin wasansu ma'ajiyar siminti. A ƙarshe Ilu ya fito shi kaɗai, ya yi wa kujerun da ba kowa a kansu magana. Wannan wurin shi ya tayar da gari. Mata suka riƙa share hawaye a motar Abuja. Obiora mai sayar da yadi, wanda Hausarsa ke ɗingishi, ya haddace rabi yana zuba wa kwastomomi. Sati guda ina tura fim ɗin nan har yatsana ya yi kanta.

Baba ba ma'abocin kallo ba ne. Don tsokana na jingina masa wayata a jikin keke na kunna. Ya ce in ɗauke abata. Ban ɗauke ba, na koma kwantenata. Bayan kamar minti goma sai na ji keken ya yi shiru, abin da ba ya faruwa sai lokacin salla. Na bar shi har ya kai ƙarshe.

"Kai ɗan nan, zo ka mayar min da shi baya."

Na mayar wurin kukan, inda Ilu ke yi wa kujeru magana.

"Ba nan ba. Can baya, inda matar ke faɗa da mijinta a dandamali."

"Baba, ai Lukuman ba ya magana a wurin. Yana can lungu riƙe da igiya."

"Shi nake so. Dubi bakinsa."

Na duba. Wallahi sau takwas na kalli fim ɗin ban lura ba. Can a gefe, inda haske bai kai sosai ba, leɓen Ilu na motsi, yana bin maganar masu wasan kalma bayan kalma ba sauti, idonsa kafe a kafaɗar matar.

"Wa ya gaya wa yaron nan?" in ji Baba. Ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi da ƙyalle. "Ba mai sanin wannan sai wanda ya tsaya a wurin."

Daga ranar wayata ta zama tasa daga hantsi zuwa azahar. Ba ma kallo yake ba, ji yake, keke na tafiya, bakinsa na bi. Kafin wata guda ya haddace fim ɗin har da tarin da wani ya yi a minti na arba'in.

Muna da guruf na masoyan Lukuman reshen Suleja. Shugabarmu Anti Ummulkhairi ce, Bakatsiniya, ma'aikaciyar wani ofis a Abuja, mace mai tsara taro har da lokacin da za a yi dariya. Da labari ya zo cewa Lukuman zai je gida Lambata, kuma ya yarda ya tsaya mana awa biyu ranar wata Asabar, sai rigima ta tashi a kan wa zai yi jawabin yabo. Mutum tara suka ce su ne, na goman ni. Ana cikin haka Anti ta zo karɓar labulen falonta, ta tarar Baba yana nuna wa Obiora maganar leɓen nan. Ta tsaya da jaka a kafaɗa ta saurara har ya gama.

"Baba, kai za ka yi jawabin."

"Ni? Hajiya, a nemi mai baki. Ga wannan," ya nuno ni da almakashi, "nasa har ya yi masa yawa."

"Wannan cewa zai yi fim ya yi, jarumi ya yi, a tafa. Kowa haka zai ce. Abin da ka faɗa yanzu ba wanda ya gani sai kai."

Baba ya juya almakashin a hannu.

"Gaskiya ina so ya ji," ya ce. "Mutum ya yi aiki a lungu, ya kamata ya san an gani. Kuma daga bakina nake so ya ji, ba a saƙo ba. To, zan yi."

Tana fita ya zauna daɓas, kamar wanda likita ya sa wa ranar tiyata.

Sati biyu muna gwaji. In ya tsaya gaban bandiran yadin Obiora, jawabi zuba yake kamar an buɗe famfo. Mu uku, ni da Obiora da Inna Asama'u, muka zauna masa, ya kai rabi ya sarƙe. Na kirawo mai shayi da mai faci da abokansu muka zama bakwai, sai ya ce, "Assalamu alaikum," muka amsa, ya tsaya yana nazarin silin.

"Oga tela, abeg, mu ne fa," in ji Obiora. "Jiya kai ka zage ni a kan yadi, yau kana jin tsoro na?"

Inna Asama'u ta ce a ɗaure masa ido da ƙyalle. Ni na ce ya ɗauka duk mutanen tagogi ne. Ya ce tagogi ba sa tari.

Abin da ya iya dai ya yi. Ya ce ba a karɓar mai jan labule a dandamali tsirara, ba labule. Obiora ya kawo jan yadi mai nauyi, Baba ya yi kwana uku a kansa, ya jera zobba, ya ɗaura igiya, ya je da kansa ɗakin taron da za a karɓi baƙon ya rataya, ya gwada ja sau ashirin har sai da ya daina ƙara.

Ranar Asabar tun kafin azahar ɗakin ya cika har tagogi. 'Yan kasuwa, 'yan acaɓa, ma'aikatan Abuja da suka samu hutun gosulo na yini ɗaya, har da wasu manoma daga Zuma da suka zo a bayan akori-kura. Baba yana layin gaba cikin farar shadda mai guga, ba tef a wuya, karo na farko a tarihin Wambai. Takardar jawabin ta jiƙe a hannunsa. Cunkoso ya riƙe Lukuman a hanya kusan awa guda, kuma duk minti ɗaya sai Baba ya ƙara ƙanƙancewa a kujera.

Da Lukuman ya shigo, ihun da aka yi sai da tantabarun rufin suka watse. Siririn saurayi ne mai kunya, yana gaisawa da hannu biyu, ba ka ce shi ne tsoho Ilu ba. Aka yi addu'a, Anti ta yi maraba, sannan ta ce, "Yanzu Baba Gwadabe zai faɗa wa baƙonmu abin da ke ranmu." Aka tafa. Aka waiwaya. Kujera ba kowa, sai jiƙaƙƙiyar takarda a kai.

Anti ta harare ni kamar ni na saka shi a aljihu. "Nemo shi."

Na leƙa waje, na leƙa bayi, sannan na zaga ta bayan dandamali. Yana nan tsaye a bayan labulensa, igiya naɗe a hannu, gumi ya jiƙa wuyan shaddar.

"Baba, ana jiranka fa."

"Ba zan iya ba, Taufiƙu. Ƙafata ta ƙi."

Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. 

A can gaba mutane sun fara gundura, sai wani ya ƙwala ihu, "Maganar kujeru!" Nan take ɗakin ya ɗauka: "Kujeru! Kujeru!" Lukuman ya yi dariya, ya karɓi makirufo, ya hau dandamali ya tsaya gaban labulen. Taku ɗaya ne tsakaninsa da mu, muna ganin bayansa ta tsagar da labulen biyu suka haɗu. Ya tanƙwara baya, ya saki gwiwa ɗaya, muryarsa ta tsufa da shekara talatin.

"Ku kujeru, ku ne shaiduna. Tun ina saurayi kuke kallon fuskar masu wasa, ni ina kallon ƙeyarsu."

Ɗaki ya yi tsit.

"Ku kun ga murmushi..."

Ya tsaya. Mutane suka ɗauka salo ne, har wata ta ce, "Allah sarki!" Ni ma haka na ɗauka. Baba kuwa ba ya kallon komai sai kafaɗa. Kafaɗar ta ɗage, ta tsaya cak.

Mutumin da ƙafarsa ta ƙi minti ɗaya da ya wuce sai ya matsa kamar kyanwa, ya kai baki tsagar labule, ya kare da tafin hannu.

"Ni na ga gumi."

Kafaɗar ta sauka.

"Ni na ga gumin da ke bayan riga!" in ji Lukuman. "Tsakanina da ku mun ga ɗan Adam gaba da baya, kuma ba mu taɓa tona masa asiri ba."

Ya ci gaba. Can gaba ya sake nutsewa, Baba ya sake miƙa masa kalma biyu. Da ya yi shiru na uku na zunguri Baba, ya buge min hannu ba tare da ya dube ni ba. Wannan shirun na wasa ne. Lukuman ya bar shi ya yi tsawo, sannan ya ce a hankali, "To, yau a rufe. Amma ni zan ja, da hannuna."

Ɗakin ya fashe. Ana tafi, ana fito, ana buga bencina. Lukuman ya ɗaga hannu har aka lafa.

"Ku dakata, zan faɗa muku gaskiya. A fim gutsure-gutsure muke yi. In na manta, darakta ya ce a yanka, a sake. Wannan maganar sau goma sha uku muka ɗauke ta. Yau sau biyu na mance ta a gabanku, wani ya tsamo ni. Wane ne a bayan nan?"

Na zuro kai ta tsagar. "Baba Gwadabe ne, yallaɓai, mai jawabin da ya ɓata!"

Aka kwashe da dariya. Lukuman ya miƙo hannu ya kamo hannun rigar Baba zai jawo shi. Baba ya riƙe igiya gam.

"Ɗana, ka bar ni a nan."

Lukuman ya dube shi, ya dubi hannun da ke riƙe da igiyar, sai ya saki rigar. Ya zuro makirufo ta tsagar labule.

"To Baba, yi daga nan. Muna ji."

Baba ya karɓa. Ya gyara tsayuwa. Muryar da ta fito daga lasifika ba ta rawa ko kaɗan.

"Assalamu alaikum. Ni tela ne, ban iya jawabi ba. Lukuman, kowa ya yaba maka wurin kuka, ni ma na yaba. Amma ni abin da ya tsayar min da keke shi ne wurin da ba ka da magana, kana lungu, bakinka na bin na mutane, idonka a kafaɗa. Shekara goma sha ɗaya na tsaya a wannan lungun. Na ɗauka duk duniya ba wanda ya taɓa waiwayowa ya ga yadda muke yi. Kai ka gani, ka kuma yi shi daidai. Allah ya yi maka albarka." Aka ce amin kamar rufin zai ɗage. "Igiyar ce dai kake naɗewa sau uku. Sau biyu ake yi, kada ta ci maka hannu. Shi ke nan."

Dariya da tafi suka haɗu. Lukuman bai yi dariya ba. Ya karɓi makirufo. Ya ce lokacin ɗaukar wurin darakta ya hana shi motsa baki, wai za a ɗauka kuskure ne, sai da ya roƙa aka bar shi. Ya ce tun da fim ɗin ya fito saƙonni ba irin wanda bai samu ba, amma ba wanda ya taɓa ambatar wannan sai yau. Daga nan ya ajiye makirufo a ƙasa, ya buɗa tsagar, ya shigo bayan labule, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Baba.

Haka mutum sama da ɗari uku suka miƙe tsaye suna tafa wa jan labule, ba sa ganin komai sai takalma a ƙasansa. Inna Asama'u ta rangaɗa guɗar da ta kai bakin titi. Obiora ya hau benci yana nuna ƙirji yana ihu, "Yadi na ne fa! Yadi na ne!" Anti Ummulkhairi, wadda tsarinta ya wargaje tun daga layi na uku, tana dariya tana goge ido da bakin mayafi.

Bayan la'asar aka raka Lukuman mota, ɗaki ya watse. Na dawo na tarar da Baba a kan benci yana zare zobba ɗaya bayan ɗaya, labulen na zubowa ƙasa. Na tsaya a ƙarƙashinsa, na dunƙule hannu na ɗaga sama.

"Gaba salamun, baya salamun! Mai Raɗa uban masu magana! Ka tsamo jarumi daga rijiya, ka yi jawabin shekara ba a ga hancinka ba! Gobe duk wayoyin Suleja kai za su kalla, Abuja ma sai ta aiko a ɗauke ka! Baba, faɗa wa talakawanka, yaya kake ji a ranka?"

Ya leƙo ni ta saman gilashi.

"Matsa can, kana taka min labule da takalmi."